Yadda ake gwada ingancin lissafin haske da zafi a samfurin yanayi, ga masu aiki a ƙasar ƙura

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga 'yan'uwa ɗalibanmu na Jidda, Thuwal da Riyad, har da waɗanda suka taso daga Khartoum suke ci gaba da karatu a nan Saudiyya. Mutum ya kunna samfurin yanayi irin WRF ko RegCM, ya kwatanta hasken ranar da samfurin ya ba shi da na na'urar awo, ya ga tazara mai yawa, sai ya ce: "Malam, RRTMG ɗin nan ba ta aiki a sahara, wace zan sauya da ita?" RRTMG ita ce manhajar da ke lissafin haske da zafi a cikin samfurin. Sau da yawa ba a kai ga wannan hukunci ba tukuna. Tazarar tana iya fitowa daga wuri uku: manhajar lissafin kanta, ko bayanan da ka ciyar da ita, ko na'urar da ka ɗauka a matsayin gaskiya. Duk aikin shi ne ka raba waɗannan ukun, kuma jerin matakan ne ke raba su. Wanda ya tsallake mataki na 3 ya faɗa na 7 zai sami lambobi, amma ba zai san na wa ne laifin ba.

1. Haɗa kayan aiki

Kwamfutar tafi-da-gidanka mai Linux ta isa ga matakai takwas na farko. Ka sa gfortran, ɗakunan karatun netCDF, da Python. Babbar kwamfuta irin Shaheen ta Jami'ar KAUST da ke Thuwal sai a mataki na ƙarshe za ka nemi lokaci a kanta.

Manhajoji iri biyu kake buƙata. Akwai mai saurin da za a gwada, wadda ke cikin samfurin yanayi: RRTMG, ko sabuwarta RRTMGP, ko ecRad ta cibiyar ECMWF. Sai ma'auni, wato mai lissafin layi-layi da ke bin kowane layin shan haske na iskar gas ɗaya bayan ɗaya. LBLRTM ta kamfanin AER ce aka fi amfani da ita, tana ɗaukar layukanta daga rumbun HITRAN, tare da MT_CKD don shan hasken tururin ruwa da ke tsakanin layuka. Don ƙura da gajimare ka ƙara libRadtran, saboda DISORT, mai lissafin watsuwar haske dalla-dalla, da ke cikinta.

Duk waɗannan kyauta ne. Bayanan AERONET (awon ƙura daga ƙasa), BSRN (awon haske a ƙasa), CERES (awon tauraron ɗan'adam) da ERA5 (tarihin yanayi da ECMWF ta sake lissafawa) ma kyauta ne, wasu dai sai ka yi rajista. Abin da za ka kashe shi ne kuɗin faifan ajiya na waje da lokacinka. Kada ka sa sayen na'urar awo a kasafin digiri na biyu. Tashar da za a yarda da ita tana son na'ura mai bin rana, da mai goge ta kullum, da daidaitawa lokaci-lokaci.

2. Fitar da manhajar daga cikin samfurin

Muddin manhajar tana cikin WRF, kuskuren gajimare da na iska da na ƙasa duk suna cakuɗe da nata. Ka sauke sigarta mai zaman kanta wadda ke lissafin ginshiƙin iska guda ɗaya: ka ba ta zafi, matsi, tururi da ozon daga ƙasa zuwa sama, ta ba ka hasken da ke sauka da wanda ke tashi a kowane hawa. Ka fara da misalin da ya zo tare da ita, ka tabbata lambobinka sun yi daidai da na masu ita kafin ka taɓa komai.

Hattara: sigar da ke cikin samfurinka ba lallai ta zama ita ce wadda ka sauke ba. Ka buɗe fayil ɗin cikin samfurin ka duba abu biyu. Na farko ƙarfin hasken rana a saman iska: adadin da aka yarda da shi yanzu 1361 W/m² ne, tsofaffin sigogi kuwa suna ɗauke da 1365 zuwa 1370. Na biyu yawan CO2, domin wasu tsofaffin sigogi sun kafe shi a adadin farkon shekarun 2000, alhali yanzu ya haura 420 cikin miliyan.

3. Gwada ta da lissafin layi-layi, ba ƙura ba gajimare

Mai awon zinariya a kasuwar Balad ta Jidda yana gwada sikelinsa da ma'aunin da ya san nauyinsa kafin ya ɗora kayan kowa. Wannan matakin ke nan. Manhaja mai sauri tana taƙaita miliyoyin layuka zuwa 'yan ɗaruruwan lissafi. RRTMG tana da rukuni 16 da makin lissafi 140 a dogon zango, wato zafin da ƙasa da iska ke fitarwa, rukuni 14 da maki 112 a gajeren zango, wato hasken rana. So muke mu san abin da wannan taƙaitawa ta jawo, don haka dole manhajar da ma'aunin su ci bayanai iri ɗaya sak.

Ba sai ka fara daga tushe ba. Akwai gwaje-gwajen da aka riga aka shirya tare da amsoshinsu na layi-layi. CIRC yana da yanayi bakwai, biyar na sararin da ba gajimare, biyu na gajimare, an ɗauko su daga awon shirin ARM na Amurka a Oklahoma, Alaska da gaɓar Kalifoniya. RFMIP yana da ginshiƙai 100 daga sassan duniya, kowanne a yanayi 18. CKDMIP yana da ginshiƙai 50 na gwajin farko, amma fayilolinsa manya ne ƙwarai, ka duba faifanka kafin ka fara saukewa. Ni da RFMIP nake ba da shawarar a fara, fayil ɗinsa ƙarami ne kuma RRTMGP tana zuwa da misalinsa a shirye.

Abubuwa uku za ka kwatanta: haske a saman iska, haske a ƙasa, da saurin ɗumama ko sanyayar kowane hawa a ma'aunin digiri a rana. Na ukun ne ɗalibai ke mantawa, kuma shi ne ainihin abin da samfurin yanayi ke karɓa. Manhaja tana iya daidaita sama da ƙasa ta ɓata tsakiya. A dogon zango, manhaja mai lafiya tana tsayawa cikin wat ɗaya ko biyu a kowace murabba'in mita daga LBLRTM. Idan ka ga goma ko ashirin, kusan kullum bayanan ne ka shigar ba daidai ba.

Hattara da ma'aunai, nan ne ake kwana ana neman kuskure. RRTMG tana karɓar matsi da hektofaskal, RRTMGP da ecRad kuwa da faskal. Tururin ruwa akwai mai lissafa shi da nauyi, akwai mai lissafa shi da yawan ƙwayoyi, kuma tsakaninsu ninki 1.6 ne. Wata manhajar tana jera hawa daga ƙasa zuwa sama, wata daga sama zuwa ƙasa. Sannan zafin tsakiyar hawa dabam, zafin iyakar hawa dabam.

Bayan ka gama da na mutane, ka haɗa naka ginshiƙai guda biyu ka tura su ta LBLRTM: ɗaya na Jidda a watan Agusta, zafi da laima mai nauyi daga Bahar Maliya, ɗaya na Riyad a watan Yuli, zafi mai tsanani da iska busasshiya. Waɗannan gefe biyu ne na yanayi, kuma a gefuna ne taƙaitawar ke fara nuna rauninta.

4. Gwada yadda take amsa sauyi

Wannan gajere ne amma masu nazarin sauyin yanayi ba su da hujjar barinsa. Ka riƙe komai yadda yake, ka ninka CO2 biyu, ka ɗauki bambancin a manhajar da kuma a ma'aunin. Ka maimaita da methane, da N2O, da ƙarin tururi. Tasirin ninka CO2 a matsakaicin duniya bai kai wat huɗu ba, don haka kuskuren rabin wat da ba ka ko kula da shi a mataki na 3 ba ya zama babban abu a nan. Yanayin RFMIP 18 ɗin nan don wannan aka yi su.

5. Nemo awon ƙasa ka tace shi

Yanzu an shigo duniyar gaske. Tashar Solar Village da ke arewa maso yammacin Riyad tana cikin rumbun BSRN, wanda cibiyar AWI ta Jamus ke riƙe da shi a PANGAEA, kuma wurin yana da dogon tarihin awon ƙura a AERONET. Harabar KAUST ma tana da na'urar AERONET. Hukumar K.A.CARE ta kafa jerin tashoshin awon hasken rana a faɗin ƙasar tun 2013, ka nemi malaminka ya rubuta wasiƙar neman bayanan. Mai son kwatanta da gida yana da tashar BSRN ta Ilorin, da awon da ARM ta yi a Yamai a 2006, da AERONET ta Banizoumbou.

Tashar kirki tana auna hasken da ya miƙo kai tsaye daga rana da firheliyomita, wanda ya watsu a sama da firanomita mai inuwa, jimillar da wata firanomitar, sannan dogon zango da firjiyomita. Gwajin farko shi ne na rufewa: ka ninka na kai tsaye da kosayin kusurwar rana daga tsakar ka, ka tara da watsattsen, ka ga ko ya yi daidai da jimillar. Ƙa'idar BSRN ta yarda da kashi 8 cikin 100 idan kusurwar ba ta kai digiri 75 ba, da kashi 15 idan rana ta yi ƙasa. Duk mintin da ya faɗi wannan gwajin, ka jefar da shi. Ka duba awon dare kuma: idan firanomita tana nuna ƙasa da sifili da 'yan wat, sanyin gilashinta ne, kuma wannan ragin yana nan har da rana, musamman a watsattsen haske.

Hattara da lokaci. Agogon Saudiyya yana gaban UTC da awa uku, kuma ba kowane fayil ke faɗa maka wanne ya bi ba. Ko bayan ka gyara wannan, ka binciki ko lambar ƙarfe tara tana nufin awar da ta ƙare ne ko wadda ta fara. Da hantsi haske yana ƙaruwa da kimanin wat 200 cikin awa, to kuskuren rabin awa kaɗai ya isa ya haifar da tazarar da za ka ɗora wa manhaja. Ka zana hasken rana ɗaya garau, ka ga ko ƙololuwarsa ta faɗa a tsakar ranar wurin.

Hattara da ƙurar da ke kan na'urar kanta. A gaɓar Bahar Maliya raɓa tana sauka da dare ta haɗu da ƙura ta zama taɓo a gilashi. Alamarta ita ce awo yana raguwa a hankali kwana bayan kwana, sai rana ɗaya ya yi tsalle. Ranar da aka goge ke nan.

6. Gina ginshiƙin ranar da kake gwadawa

Nan ne aikin yake, kuma nan nake roƙon ku da ku yi haƙuri ku zauna. A ƙasar nan yawancin tazarar da ake gani daga wannan matakin take fitowa.

Zafi da tururi ka ɗauko su daga balan-balan ɗin awon yanayi na Jidda ko Riyad, a rumbun Jami'ar Wyoming ko IGRA. Ana sakinsu ƙarfe 00 da 12 na UTC, wato uku na dare da uku na rana a nan. Balan-balan tana fashewa a wajen kilomita 30, don haka ka cike saman da ERA5 ko da ginshiƙin AFGL na yankin zafi, ka ɗauko ozon daga can. Sannan ka daidaita jimillar tururin da wadda AERONET ta auna a wannan sa'ar.

Sai ƙura. Abu uku manhajar ke so a kowane rukuni: kaurin ƙurar, wato AOD, da kason hasken da take watsawa maimakon shanyewa, da yadda take tura shi gaba. Ka yi amfani da AERONET siga ta 3, mataki na 2.0. Tana ba da AOD a nanomita 500, samfura da yawa kuma suna so a 550, sai ka juya da lambar Angstrom. Ƙurar sahara tana da manyan ƙwayoyi, lambar Angstrom ɗinta ƙarama ce, ma'ana kaurinta ba ya raguwa sosai har cikin hasken da ido ba ya gani. Idan ka bar manhajar da siffar hayaƙin birane, ka ɓata rabin lissafin.

Ga lissafin da zai nuna maka girman abin. Rana tana digiri 60 daga tsakar ka, hasken yana ratsa iska ninki biyu. Kuskuren 0.1 a AOD yana sauya hasken kai tsaye da kusan kashi 18 cikin 100, wato wajen wat 145 daga cikin 800. Jimillar kuwa ba ta motsawa haka, domin yawancin abin da ƙura ta cire daga na kai tsaye yana dawowa a watsattse. Shi ya sa wanda ya kwatanta jimilla kaɗai zai iya murna alhali kurakurai biyu ne suka rufa wa juna asiri.

Hattara: kason watsawar da AERONET ke bayarwa a mataki na 2.0 sai AOD a nanomita 440 ya haura 0.4, kuma rana ta yi ƙasa da kyau. A ranakun da ƙura ba ta da yawa ba za ka same shi ba, sai ka ɗauki matsakaicin lokacin. Ƙurar yankin nan tana shan shuɗin haske fiye da ja, kason yana kusa da 0.9 a shuɗi ya haura 0.95 a ja. Tsohon teburin siffofin ƙura na OPAC yana sa ƙura ta sha haske fiye da yadda ake aunawa, ka duba ko shi samfurinka ke karantawa.

Sai ƙasa. Yashin Rub'ul Khali yana mayar da kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na hasken da ya sauka, baƙin dutsen harra na kewayen Madina kaɗan yake mayarwa, ruwan teku kuwa wajen kashi 6. Ka ɗauko wannan kason mayarwa, wato albido, daga bayanan tauraron ɗan'adam na MCD43 na MODIS, rukuni-rukuni, domin yashi ya fi mayar da ja fiye da shuɗi. A dogon zango kuma akwai abin da ake yawan tsallakewa: yashi mai kwaz ba ya fitar da zafi cikakke a tsakanin maikuron 8 da 10, daidai tagar da zafi ke fita sama. Ɗauki ƙasa mai digiri 60 da azahar. Cikakken mai fitarwa zai ba da wat 697. Idan ƙarfin fitarwar 0.9 ne, kuma sama tana sauko da 400, bambancin ya kai wajen wat 30. Ka kuma lura zafin fatar ƙasa ake so, ba na iskar mita biyu ba.

7. Kwatanta, kashi-kashi

Ka zaɓi lokutan da ba gajimare. Hanyar Long da Ackerman ta 2000 ita aka saba bi da bayanan minti-minti. Hattara: irin waɗannan matatu suna iya ɗaukar ƙura mai kauri a matsayin gajimare su zubar. Sai ka wayi gari ka gwada manhajar a ranakun garau kaɗai, ka bar ranakun iskar shamal da na ƙurar da ke ketowa daga mashigar Tokar ta Sudan da bazara, alhali su ne dalilin binciken. Ka duba hotunan ƙura na tauraron Meteosat da idonka ka dawo da su.

Ka lissafa matsakaicin karkata da RMSE, wato ma'aunin girman kuskure, ga na kai tsaye, watsattse, jimilla da dogon zango, kowanne dabam. Kada ka tsaya a lamba ɗaya. Ka zana kuskuren a kan AOD, a kan kusurwar rana, a kan tururi. Kuskuren da ke girma tare da AOD na ƙura ne. Wanda ya bambanta safe da yamma na agogo ne ko na'urar ta karkace. Wanda ke girma idan rana ta yi ƙasa yana iya zama na hanyar rafi biyu (haske mai hawa da mai sauka kawai) da manhajoji masu sauri ke bi, kuma za ka tabbatar ta hanyar tura ginshiƙin ta DISORT da rafi 16.

Abu biyu na manhajar kanta ka sani. Manhajojin rafi biyu suna lissafa hasken da ƙura ta tura gaba a cikin na kai tsaye, don haka nasu yakan fi na firheliyomita, mai kallon ɗan da'irar digiri biyar kawai. Sannan RRTMG ba ta lissafa watsuwa a dogon zango, kuma manyan ƙwayoyin ƙura suna watsa shi.

Kafin ka ce manhaja ta yi kuskure, ka motsa kowane bayani gwargwadon rashin tabbacinsa, AOD da 0.02, tururi da 'yan kashi, albido da kaɗan, ka ga faɗin amsoshin. Idan awon ya faɗa cikin wannan faɗin, ba ka kama ta da komai ba, kuma haka za ka rubuta. Ina roƙonka kada ka murɗa siffar ƙura har lambobi su daidaita sannan ka kira shi tabbatarwa. Idan dole ka daidaita, ka yi da shekara ɗaya ka gwada da wata.

8. Gajimare

Ka fara da yanayi biyun CIRC. Idan manhajarka tana bin McICA, hanyar da ke zaɓar gajimare da caca, amsar ginshiƙi ɗaya tana da hayaniyar caca, sai ka maimaita sau da yawa ka ɗauki matsakaici. Ka rubuta ƙa'idar jeruwar gajimare da girman ɗigon da ka zaɓa, don su kaɗai suna iya sauya sakamako fiye da bambancin manhajoji biyu.

9. Mayar da ita cikin samfurin

Sai yanzu za ka kunna WRF ko RegCM. A WRF lamba 4 ce RRTMG a ra_sw_physics da ra_lw_physics. Ka duba aer_opt, domin idan sifili ne samfurin yana lissafi kamar babu ƙura ko ɗaya a sararin Jidda, kuma wannan kaɗai ya amsa tambayar da yawancinku suka aiko. Ka duba radt ma, mintocin da ke tsakanin kiran manhajar.

Don saman iska ka kwatanta da CERES EBAF, mai bayanan wata-wata a digiri ɗaya tun Maris 2000. Hattara: hasken ƙasa na CERES lissafi ne, ba awo ba. Na ERA5 ma haka, kuma da dangin RRTMG aka lissafa shi, da ƙurar matsakaicin wata, don haka daidaituwa da shi ba shaida ba ce. Idan za ka zana shi, tarin jul ne na awar da ta wuce, ka raba da 3600. SWDOWN na WRF kuwa na wannan lokacin ne kawai, don matsakaici ka ɗauki masu tarawa irin ACSWDNB.

Akwatin digiri ɗaya ya haura kilomita 100 a kowane gefe. Na kewayen Jidda yana iya haɗa teku da gari da tudun da ke hawa zuwa Ɗa'if, kuma tasha ɗaya ba ta wakiltarsa. Ka zaɓi tashar da kewayenta iri ɗaya ne, ko ka kwatanta matsakaicin wata. A rahotonka ka jera tebur uku dabam: manhaja da layi-layi, manhaja da awon ƙasa a ginshiƙi ɗaya, samfuri da tauraron ɗan'adam, kowanne da sigar manhajar, ƙarfin ranar da ka sa, da tushen ƙurar da albidon da ka yi amfani da su.